Goron da Ya Rasa Kwano

A shekarar 1989 kwamfuta ɗaya tak ke makarantar Malam Amidu a bakin Zongo, ɗalibai kuwa har benci ba ya ɗaukarsu. Wani kamfanin fiton kaya a tashar jirgin ruwa ya nemi mutum ɗaya, aka sa gwaji ran Litinin. Ajaratu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta riga ta yanke a ranta ita ce.

Aikin ba wuya: na'ura ta karanta nauyin manyan motoci, ta ƙirga na ƙasa da tan talatin daban, na sama daban. Amma shirin da Ajaratu ta rubuta, ko motoci nawa aka ba shi, amsarsa ba ta wuce ɗaya. Ran Asabar da layinta na hawa na'urar ya zo, aka kwashe su zuwa rawar jam'iyya, suka yini suna tafa wa mutanen da ko kallonsu ba su yi ba.

Ran Lahadi ta zauna a tsakar gida da takardarta, kwano biyu da goron kawunta Tchakoura. Kowane goro mota ne, ita ce na'urar. Ta ƙudura ba za ta bi abin da take nufi ba, sai abin da ta rubuta.

Layin farko na shirin ya ce ƙirga ta koma sifili, ta juye kwanukan. Ta jefa goro, shirin ya maido ta sama, ta sake juyewa.

"Wannan ne bokon?" in ji Tchakoura daga tabarmarsa. "Ki zuba, ki zubar?"

"Ni na ce wa na'urar ta yi haka, Kawu. Ita ba ta musu."

Ta fitar da layin sifilin daga sashen da ke maimaituwa, kwanukan suka fara cika. Can ta zo kan mota mai tan talatin cif. Ba ƙasa ba ce, ba sama ba, goro ya tsaya a hannunta. Tchakoura ya ce tunda ba shi da gida a miƙo shi, ya ciza. Ita kuwa ta gyara sharaɗin, mai talatin ta bi masu nauyi.

Ran Litinin Malam Amidu ya cusa irin waɗannan motoci da gangan. A hannun sauran ɗalibai suka ɓace. Na Ajaratu suka cika. Ya daɗe yana duban allon, yana neman inda zai kama ta. Daga bisani ya tambaye ta ko ta san hanyar tashar jirgin ruwa.

"Na sani, Malam. Ƙarfe nawa suke buɗewa?"