Rigunan Aikin Auta

...kuma ba almakashin ne ya dakushe ba, a'a, bai daɗe da wasawa ba. Ita ce dai take ta jan aikin. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, rigunan aikin Auta zube a cinyarta, tana yanke musu hannuwa daga kafaɗa kamar yadda ya ce. Riguna masu kyau da su. Wannan shuɗiyar ko koɗewa ba ta yi ba...

"Inna, ki yanke su duka, har kafaɗa," in ji shi da safe yana ɗaura takalmi. "Duk mai tsayawa gaban injin haka yake yi. Ga shan iska kyauta." Har da dariya. Shi komai dariya, kamar ubansa, Allah Ya jiƙan rai.

Ƙarin girma aka yi masa wai. An ɗauke shi daga tsintar robobi a tsakar rana, an kai shi gaban babban injin da ke niƙa su. Maƙwabta na ta zuwa barka. Ita ma ta amsa, ta washe baki, to me za ta ce? Ta ce gurbin Dogo ne? Kowa ya sani ai. Dogo, ɗan mai kitson gidan baya, wanda bel ɗin injin ya fizge wa hannu har gwiwa bara... yanzu yana zaune a ƙofar gida yana koyon cin abinci da hagu.

Ƙyat. Zare ya biyo almakashin. Ta sa haƙori ta tsinke.

Ta ga injin da idonta, ranar da ta kai wa Auta maganin ciwon kai. Ƙura, ƙara kamar ƙasa za ta tsage, ga bel baƙi mai faɗi yana gudu tsirara, ba komai tsakaninsa da mutum. Murfinsa na ƙarfe kuwa yana can kife a gindin bango, ma'aikata sun mai da shi wurin zama, a kai suke shan shayi. Wai bel ɗin yawan zamewa yake yi, in da murfi sai an kashe inji, a kwance, a gyara, a ɗaure... mai kamfani ya ce inji a tsaye asara ce. Yanzu da sanda suke tura shi ya koma, yana cikin gudu. Da sanda... ɗanta, wanda in zai yanka albasa sai ta tsaya a kansa.

Ita ba ta yi karatu mai nisa ba, amma wace irin riba ce wannan? Da abin Dogo ya faru ba rufe wurin aka yi ba? Masu kawo kaya suka koma wani waje, ƙwararrun ma'aikata suka watse, mai kamfanin da kansa ya rame yana zaryar asibiti, motarsa ma sai da ya rabu da ita. Duk wannan bai kai kwance murfi ciwo ba? Aka buɗe, aka wanke ƙasa, aka kunna... murfin yana inda yake. Ko shi ma mai kamfanin wani ne ke zaune masa a wuya? Ko dai mutum ne ya fi murfi araha, in wannan ya tafi ga wasu a bakin ƙofa suna jira...

Ta je ta sami mai kamfanin? Ta ce, ranka ya daɗe, uwar wane ce? Gobe a sallami yaron. Ga matarsa da tsohon ciki, ga haya. Auta zai ce, "Inna, kin kashe min kasuwa." Ta yi shiru kuma... shirun ne take yankawa yanzu, riga bayan riga.

Ba komai. Ba abin da bel zai kama. Yaron yana da natsuwa, ba ya shan komai, yana barci da wuri. In ba hannun riga, me zai ja shi? Dabara ce mai kyau, waɗanda suka san aikin ne suka fito da ita. Za ta ma kalmashe bakin ta ɗinke tsaf, kada ko zare ɗaya ya yi reto. Saura wannan ta ƙarshen, mai ratsin fari...

Igiyar shanyar mai kitso. Ta kan katanga take hango ta kullum in ta fito alwala, tun kafin abin ya faru. Zannuwa, ɗankwalaye, sai rigunan aikin Dogo a jere suna ɗiga... har ta taɓa yi wa mai kitso tsiya, ta ce ko yadi ne ya ƙare wa tela.

Ba su da hannuwa. Ko ɗaya. Uwarsa ta yanke su tsaf, har kafaɗa, ta kalmashe bakin...

Almakashin yana buɗe a kan kafaɗar rigar. Ta kasa rufe shi, ta kasa ajiyewa.