Mai Wankin Bariki

"Janye tiren kwaɓinki daga kusa da nawa," na ce wa Ummu Ratib a bakin tanderun Baba Mitwalli mai burodi, matan layinmu duk suna tsaye.

Ta dube ni, ta kira sunana. "Ni ce fa, Nabawiyya."

"Na gan ki."

Matar nan ita ta karɓi haihuwata ta fari, kuma bango ɗaya ya raba ɗakinta da namu a Isma'iliyya. Amma a ƙarshen 1951 aka yi kira duk ɗan Masar ya daina yi wa sojan Ingila aiki. Mijina Shahata ya ajiye tuƙin da yake musu, samari suka ɗaga shi a kafaɗa har gida. Ita kuwa ta ci gaba da zuwa wanki a bariki.

"Ku ji ƙamshin sabulun Turawa," in ji wata. Aka kwashe da dariya, har da ni.

"In na bari, wa zai ci da ni?" ta ce. "Ɗana Ratib yana kabari."

Ta ɗauki kwaɓinta ɗanye ta koma gida.

Bayan mako guda ta bar aikin. Kowa ya sani, amma ba wanda ya so ya zama na farkon gaishe ta. Sai sanyi ya shiga ƙirjinta. Ina tankaɗe ina jin tarinta ta bango, mazan kuma suna ƙofar gida suna musu.

"Amurka za ta kore mana Turawan Ingilan nan," in ji Shahata.

"Ta kore su ta haye kujerar ba!" in ji ƙanensa. "Rasha dai."

"Kai ma da Rasharka! Sun san sunan layinmu?"

Ranar Laraba na zuba miyar waken adas a kwano, na je har bakin ƙofarta. Na ji ta ce, "Wane ne?" Daidai nan na hango mata biyu sun ɓullo daga kwana. Na juya da kwanona kamar na yi ɓatan hanya. Shahata ya shanye miyar da rana, har ya yaba.

Ranar Juma'a da hantsi na lura tarin ya tsaya. Baba Mitwalli ne ya ɓalle ƙofar.

Ni aka nema in yi mata wankan gawa, tunda ni ce mafi kusa. Hannuwanta duk sun tsage, tafukan sun yi fari. Na daɗe ina zuba musu ruwa, har mai riƙe min buta ta ce, "Ya isa haka, 'yar'uwa."

Mutum bakwai suka bi gawar.

Da la'asar na ji kuka a saman soronta, na hau. Agwaginta uku ne a keji, kaskon ruwansu ya bushe ƙaf. Na ɗebo ruwa a bokiti na cika shi. Suka tura baki suna sha, ni kuma na tsuguna ina riƙe da bokitin.