Layi na Huɗu

Shekara biyar Gide ya yi a Turai yana karatun injinan noma. Da ya dawo aka ba shi ofis a Faskari da tarakta tara, bakwai ba sa tashi. Kayan gyara suna Legas, in ji takarda. Kullum ya zo da safe, ya sa hannu a littafi, ya zauna yana kallon kaji suna kiwo ƙarƙashin garmar ƙarfe.

Abin kirki ɗaya da ya shigo da shi ƙasar shi ne rakoda. Girmanta bai wuce faifan tankaɗe biyu ba, kaset take ci irin na kowa, sai dai tana raba zaren kaset ɗin layi huɗu, kowane layi da sautinsa. Abokinsa Bilya, da ke aiki a gidan rediyo a Kaduna, ya rubuto masa cewa ana neman mai haɗa sauti. In ya aiko da kaset ɗaya mai kyau na kiɗan gida kafin ƙarshen wata, za a sa a iska, kuma shi Bilya zai yi magana da manya. Gide bai ga wata ƙofa ba sai wannan.

Ya ɗora ƙaramin janareta a bayan motar ofis ya nufi Mabai, wurin Baba Barau, tsohon Bamaguje da ya yi shekara arba'in yana kiɗan gayya. Aka kai janareta bayan rumbu saboda ƙara, aka ja waya. Layi na ɗaya ya ɗauki gangar noma. A na biyu ya sa wa tsohon abin sauraro a kunne, ya kaɗa garaya bisa gangarsa. Baba Barau ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa samun abokin kiɗa da ba ya saɓa masa ba sai yau.

Murya ta rage. Gide ya san ba wadda ta kai Goggo Tani, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Tana da waƙar niƙa da mata ke tsayawa a bakin katanga su saurara. Sai da ya yi kwana uku yana lallashi. Ta yarda da sharaɗin a yi a ɗakinta, ba kowa, shi ma ya ja wayarsa ya zauna a waje. Ya ajiye makirufo gefen dutsen niƙa, ya sa mata abin kunne. Ta tambaya ko wani zai ji. Ya ce a yanzu ita kaɗai ke ji. Gaskiya ya faɗa, amma ba abin da ta fahimta ke nan ba.

Ta yi niƙa ta yi waƙa minti shida a layi na uku. Gide na tsakar gida, idonsa kan allurar rakoda kada ta shiga jan layin da sauti ke ɓaci. A makaranta an koya masa sauraren ƙarfin sauti da tsabtarsa, kuma abin da ya saurara ke nan. Da ya kunna daga baya ya ji muryar ta fita tas, ya ji dutsen yana tafiya daidai da ganga. Kalmomin sun wuce ta kunnensa kamar ruwa a bayan agwagwa.

Layi ɗaya ya rage, shi kuwa yana son amshin mata da kiɗan ƙwarya da jitarsa. Dabarar sananniya ce ga masu irin wannan rakoda. Sai ka daidaita layuka uku, ka juye su gaba ɗaya cikin na huɗu, sannan ka yi sabon ɗauka a kan ukun. Ya yi hakan ranar Talata da hantsi. Ya ƙara wa ganga nauyi, ya ɗan janye garaya, ya sa Goggo a gaba. Laraba ya ɗauki mata huɗu suna amshi a layi na ɗaya, bayan ya rera musu amshin da bakinsa yana ba su lokaci da hannu. Jita ta hau na biyu. Mero, 'yar Goggo, ta kaɗa ƙwarya a na uku, kan muryar uwarta ta asali, tana bin tafin Gide don ta ƙi sa abin kunne, wai zai ɓata mata kitso.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya fito da lasifika tsakar gida. Mata suka taru, har na maƙwabta. Ganga ta shigo, garaya ta bi, sannan Goggo. Ba a yi minti ɗaya ba wata tsohuwa ta rufe baki da gefen zane. Mero ta daina murmushi.

Almu Goggo take kira a waƙar. Ɗanta na fari, wanda ya shiga soja lokacin yaƙi bai dawo ba. Shekara ashirin da ya yi a duniya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa a gaban mutane ba, yadda ake kunyar ɗan fari. Ko ranar da aka kawo labarin, cewa ta yi yaron nan ya riga mu. Ga shi yanzu a lasifika, a ƙarshen kowane baiti, tana jan sunan tana lanƙwasa shi, mata huɗu suna amsa mata.

Goggo ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Gide ya kashe rakoda.

"Bature," in ji Mero, "shekara biyar kana karatu, kunnen ma a can ka baro shi?"

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake taubashiyarsa ce, tana da ikon faɗa masa abin da ya fi haka.

Ya durƙusa a bakin labule ya yi sallama. Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya cire wurin, ya bar sauran, tunda shi ya sa shi ya san yadda zai fitar. Ya yi mata bayanin layuka. Ya ce muryarta da gangar da garayar sun zama abu ɗaya, kamar gero da dawa da aka niƙa tare. Ta ce ita ba ta san wannan ba.

"Ka ce mani ni kaɗai ke ji."

Da safe ya gwada abin da ya sani. Ya rage sautin sama, sunan ya dusashe amma bai ɓace ba. Ya ɗaga jita a kansa, sai ya zama kamar ana kiran mutum daga bayan ƙofa. Ya ƙirga, sau goma sha ɗaya ne. In ya goge wuraren kaɗai, ganga za ta yanke sau goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a tsakar gidan nan ya san abin da ke cikin ramukan. In ya sa reza ya yanke zaren, layuka huɗun ne za su tafi tare.

Ya koma Mabai don a sake daga farko. Ya tarar da Baba Barau a gindin tsamiya da sabuwar hula da carbi. Kwana tara ke nan da ya karɓi kalmar shahada a hannun limamin garin. Gangar tana rataye a rumbu, an farke fatarta. Tsohon ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya ce wancan kiɗan da ke cikin akwatin Gide shi ne na ƙarshe, ya riƙe shi da kyau.

A hanyar dawowa Gide ya yi tunanin juye kaset ɗin a wani, ya goge na gida a gaban Goggo, ya aika ɗayan a ɓoye. Bai kai Faskari ba ya ga inda dabarar ta tsaya. In kaset ɗin bai yi kyau ba, ba aiki. In ya yi kyau, za a sa shi a rediyo, kuma ba gidan da ba rediyo daga nan har garin Sabuwa. A teburin mai shayi za a ji shi, a gona, a ɗakin Goggo kanta.

Direban da zai kai saƙon Kaduna ya ce Asabar da ƙarfe goma zai tashi. Ƙarfe tara Gide ya ɗauki rakoda ya kai ƙofar ɗakin Goggo, ya kira Mero ta zama shaida. Ya zare makirufo, ya zaɓi layi na huɗu, ya danna jan maɓallin ɗauka don ya goge duk abin da ke layin. Allura ba ta motsa ba. Suka zauna su uku minti shida, ba abin da ake ji sai janareta a bayan gida. Goggo tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

Da ya ƙare ta ce ya kunna ta ji. Ya mayar da zaren baya. Jita ta fito, da ƙwarya, sai mata huɗu suna amsawa, su yi shiru, su sake amsawa.

"To," in ji Goggo. "Allah shi yi maka albarka."

Direba ya yi oda sau biyu a ƙofar gida. Gide ya fita ya ce masa ba saƙo, ya gaida Bilya. Litinin ya isa ofis ƙarfe takwas, ya sa hannu a littafi.