Wanda Ya Riƙe Hannun Bairbre

Bairbre Folan ta bar Carna, ƙauyensu na bakin teku a ƙasar Ireland, tana budurwa, da akwati ɗaya da waƙoƙin kakarta cike da kai. A Boston ta Amurka ta fara da gyaran gadaje a otal, ran Lahadi ta yi waƙa a zauren 'yan ƙasarsu, har wani mai rediyo ya ji ta. Daga nan sai faifai, sai Landan, sai Chicago, duk inda ɗan Ireland ya je neman abinci ya maƙale. Ba ta taɓa yarda a raka ta da goge ko sarewa ba. Murya zalla, ido a rufe, yadda ake yi a gida. Ƙarti masu haƙar rami sukan yi kuka a gabanta ba kunya.

Da ta tsufa ta dawo gida, ta daina waƙa cak. Mutanen Carna kuwa bakinsu ba ya hutawa: ai Amurka ta kumbura mata kai, ai sai an kafa mata dandamali da fitilu. Gaskiyar magana hannayenta ne suka fara rawa, likita a Galway ya ce ciwon ba ya komawa baya. Sai ta riƙa cusa su a aljihun rigar sanyi. To amma a Carna ba a barin mawaƙi shi kaɗai da waƙarsa. Dole wani ya matso ya kama hannunsa, yana juya shi a hankali har waƙar ta ƙare. Duk wanda ya riƙe nata zai gane, gobe gari ya ɗauka, a fara yi mata sannu ana karkata kai. Ita kuwa gara a zage ta da a ji tausayinta.

Ana nan sai ƙanenta Colman ya rasu, shi da yake juya mata hannu tun suna yara. Bayan an dawo daga maƙabarta da rana, gida ya cika, ruwa na dukan taga, ana cin burodi da naman alade. Treasa, 'yar mamacin, ta durƙusa kusa da ita.

"Gwaggo, waƙar masuntan nan da teku ya ci. Baba ya ce ke za ki yi masa."

Waƙar gidansu ce, kuma ba wanda ya rage da ya san ta har ƙarshe sai Bairbre. In ba ta yi ba, Colman ya tafi ke nan ba waƙa.

"Maƙogwarona ba daɗi, 'yar nan."

"Ku ƙyale ta," in ji Festy Mulkerrin daga bakin murhu. "Ba a kawo lasifika ba. Ba'amurkiya guda ta yi waƙa a kicin? Haba dai!"

Festy shi ma mawaƙi ne, bai taɓa barin Carna ba. Tun da ta kayar da shi a gasa suna matasa bai yafe ba, ga baki kamar reza. Duk garin ba wanda ta fi tsoron ya san ciwonta kamarsa.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta miƙe, ta juya fuska ga bango, ta rufe ido, ta ɗauko waƙar. Muryar tana nan, ta dushe kaɗan amma tana nan. Ba wanda ya matso, don wurin na Colman ne. Har ta fara tunanin ta tsira, sai ta ji wani ƙaton hannu mai kaushi ya zaro nata daga aljihu. Festy ne.

Ta ji lokacin da ya gane. Ya tsaya cik, muryarta ta karye a tsakiyar baiti. Sai ya damƙe hannun gam, ya shiga juya shi da faɗi, fiye da yadda aka saba, har rawar ta ɓace cikin juyin. Ta ci gaba. Ta kai masuntan teku, ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta bar matansu tsaye a gaɓa. Sai a lokacin ta yi wa Colman kuka.

"Allah ya bar mana ke, Bairbre," wata tsohuwa ta ce.

"Kin ja baitin ƙarshe da yawa," Festy ya faɗa da ƙarfi. Sannan ya sunkuyo. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya gyaɗa kai. Sai ga Treasa tafe da kofin shayi cike taf a kan faranti, tana miƙo wa gwaggonta, kowa na kallo. Bairbre ta dubi kofin: in ta karɓa, rawar hannunta za ta tona ta.

"Kawo nan, yarinya," in ji Festy, ya fizge da ɗayan hannun. "Ni na yi wahalar, ita baki kawai ta buɗe."

Aka yi dariya, wasu suka ce tsohon nan ba shi da ta ido. Ya shanye shayin a tsaye, da zafinsa, bai saki hannunta ba sai da ya zaunar da ita.