Suwaitar Gashin Tumaki Zalla

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon direban, bakinsa ya mutu. Mutumin da a da in ya fara zuba a tasha sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ba abin da ya rage masa sai gurnani da ido ɗaya mai zubar da ruwa. Ga ciwon suga kuma. Matarsa ce ke juya shi, ta goge shi, ta ba shi abinci da cokali. Ita sana'arta saƙa, hulunan jarirai da safa, da ulun roba mai araha.

Da sanyi ya shigo, ɗakinsu ya koma kamar cikin randa. Tagar ba ta rufuwa sosai, ta cusa tsumma amma iska ba ta fasa ba. Wata safiya ta taɓa hannunsa da ya shanye, ta ji shi kamar ƙarfe. Nan ta ƙudurta za ta saƙa masa suwaita irin wadda bai taɓa sawa ba.

Mai shagon ulu ya sauko mata da iri biyu. "Wannan haɗi ne, gashin tumaki da roba, ya fi laushi. Wannan kuwa zalla ne, ɗumi kamar murhu, sai dai akwai kaushi. Wasu yana sa su ƙaiƙayi."

Ta yi dariya. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwana kan buhuna a bayan mota, shi gashin tunkiya zai dama? Ba ni zallan."

A bakin gadonsa ta saƙa suwaitar, tana aiki tana yi masa hira ita kaɗai. Ta yi mata dogon wuya, ta matse bakin hannu kada iska ta samu hanya. Ran da ta gama, ta cire masa singileti ta sa masa ita a kan fata, don ɗumin ya ratsa shi. Da ƙyar hannun da ya shanye ya shiga, har ta haɗa gumi. Ganin wahalar da suka sha, sai ta bar cire ta. Ta koma goge masa fuska da ƙafafu da ƙasan jiki kawai, sauran kuwa sai sanyi ya yi sauƙi.

Tun ranar farko ya fara jan wuyan rigar da hannunsa mai lafiya yana gurnani.

"Ta yi maka kyau ko? Na sani," in ji ta. Da ya ci gaba sai ta ɗan buge hannun. "Haba Malam, za ka buɗe mini wuyan. Kai dai da bakinka da babu, ba ka rasa ƙorafi."

Ya daina barci, abinci ma sai ta yi da gaske. Ya riƙa goga bayansa da katifa gwargwadon yadda jikin ya yarda. Ta ɗauka sanyi ne har yanzu, ta ƙara masa bargo. Da ta ga yana yawan fito da hannun waje, sai ta saƙa masa safar hannu da ragowar zaren, ta ɗaure a wuyan hannu da igiya. Daga nan ya yi shiru. Ta gaya wa maƙwabciyarta cewa jikin da sauƙi, ya samu natsuwa.

Babbar 'yarsu ce ta zo duba shi daga garin da take aure. Tana durƙusawa gaishe shi ta ɗago kai.

"Umma, wane wari ne wannan?"

"Warin ulun ne, haka zallan yake."

'Yar ta ɗaga gefen rigar, rigar ta ƙi ɗaguwa, ta manne da bayansa. Sai da suka jiƙa ta da ruwan ɗumi suka bi ta da almakashi. Daga wuya har ƙugu fatar ta yi ja ta kumbura, kafaɗu sun saɓule, gyambo biyu na tsiyayar ruwa, gashin ulun ya shige cikinsu.

"Tun yaushe take jikinsa?"

Uwar ta kai hannu kan igiyar safar.

"Ƙaiƙayi yake ji, Umma! Susa yake so ya yi, kika ɗaure masa hannu!" 'Yar ta toshe bakinta da mayafi, ta fashe da kuka. "Ki yafe mini, ba haka na so in faɗa ba."

Uwar ba ta ji ta ba ma. Tana ta kokawa da igiyar, ƙullin ya ƙi kwancewa. Shi kuwa idonsa na kan rufin ɗaki.

A asibiti aka ce gyambon ya shiga jini, kuma mai suga ciwonsa ba ya saurin warkewa. Ta tare a gefen gadon, a kan tabarma. In 'yar ta miƙa masa cokali sai ya buɗe baki. In ita ce, sai ya lumshe ido. Ta kasa gane ko fushi ne, ko tsoro, ko gajiya kawai. Rannan da 'yar ta fita sayen magani, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Malam, wallahi ɗumi nake so ka ji. In ka yafe mini, ka matsa hannuna."

Ta sa yatsunta cikin tafinsa ta jira. Hannun da ɗumi, ya ɗan motsa, amma ba za ta iya rantsewa matsawa ce ba. Malam bai kai ƙarshen sanyin ba.

'Yar ba ta gaya wa kowa zancen suwaitar ba, har ƙannenta. Masu zuwa ta'aziyya suka cika ɗakin da tsakar gida. Ƙanwar mamacin ta riƙe hannun matar tana gaya wa mata: "Ni ban taɓa ganin mai jinya irin wannan baiwar Allah ba. Ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kan Yaya ba. Allah ya ba ki ladan haƙuri."

Mata suka ce amin. Ita ma ta ce amin, kanta a ƙasa.