Jarka Talatin a Tankin Dutse Uku

Ƙarfe shida da rabi na safe, hadari ya taru a gabas kamar da gaske yake, amma kowa a Dutse Uku ya san hadarin watan Maris, kallonsa kawai ake yi a wuce. Uzairu yana saman tsanin ƙarfe da jarka a kafaɗa, yana juye ruwa cikin baƙin tankin nan na unguwa. A ƙasa abokin sana'arsa Dalyop yana jira ya miƙa masa wata. Su biyun 'yan garuwa ne, kura suke turawa suna sayar da ruwa gida gida.

"Nawa ke nan?" in ji Uzairu.

"Talatin."

"Ya isa."

Dalyop ya ɗaga kai. "Ya isa yaya? Oga Alexander ya ce sittin fa. Kai Uzairu, kana so ka kashe ni ne? In ya hau ya duba fa?"

"Da wannan tumbin zai hau tsani? Ka taɓa ganinsa ya hau ko benci?"

Dalyop ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka kafa tankin. Da can wurin lambun Goggo Binta ne, ƙanwar mahaifin Uzairu, wadda ta riƙe shi tun yana rarrafe. Alayyafo take shukawa da latas da ɗan kabeji, da su take ci. Da aka zo aka ce Tarayyar Turai ta ba da kuɗin haƙa rijiyar burtsatse amma babu fili, ita ce ta ce a ɗauki nata, ruwan da jama'a za su sha ya fi mata ganye. Oga Alexander ɗan kwangila ya kawo inji, aka yi kwana uku ana haƙa, aka ci karo da dutse, inji ya tafi bai dawo ba. Amma an zuba siminti, an ɗora tanki, an jera kan famfo huɗu, an kafa allo shuɗi mai taurari a zagaye. Ko ɗigo bai taɓa fitowa ba.

Jiya da yamma ne Esther, 'yar maƙwabtansu da ke aikin tafinta, ta tare Uzairu a bakin hanya ta yi masa bayani. Wai can a ƙasashen Turawan akwai majalisa guda ta su duka, kuma 'yan majalisar sun tsaya kai da fata sai an nuna musu inda harajin mutanensu ya tafi. Sun turo mutum uku su gani da idonsu. In suka rubuta cewa aiki ya kammala, an rufe maganar Dutse Uku har abada. In suka rubuta babu ruwa, dole a dawo da inji a huda dutsen.

"Minti ashirin aka ba ku," in ji ta. "Daga nan sai wani gari. Mutanen nan da agogo suke tafiya."

Shi kuwa Oga Alexander ya kira Uzairu da Dalyop ne tun da asuba, ya ce su cika tankin don baƙi su ga ruwa na zuwa. Yana da rijiyarsa ta kansa can gangare wajen Nasarawa Gwom, kuma a nan duk 'yan garuwan unguwar suke ɗiba. Wanda ya ƙi aikinsa, sai ya nemi wani wurin ɗiba, kuma a watan Maris babu wani wurin. Shi ya sa Uzairu bai ƙi ba. Sai dai ya yi nasa lissafin. Shekara bakwai yana tsaye a bakin famfo, ya san yadda jarka take cika. Jarka talatin, famfo huɗu a buɗe, minti goma sha biyar ruwa ya ƙare. Ba sai kowa ya buɗe baki ya yi ƙarar kowa ba. Baƙi za su ga famfo ya yi tari ya mutu a gabansu.

Da Uzairu ya sauko daga tsanin, sai ya bi gidaje yana sallama. Ya gaya wa mata su fito da duk abin da ke riƙe ruwa, bokiti, baho, tukunya, har da butoci. Da zarar baƙi sun sauka, a buɗe famfo duka huɗun, kada a rufe ko ɗaya.

Goggo Binta tana tsakar gida tana goge wani kwanon sha da toka, wanda ba ta fitowa da shi sai da sallah.

"Goggo, bokiti na ce, ba kwano ba."

"Bokitin na nan. Wannan na baƙi ne. Mutum ya taso tun daga bayan teku, a bar shi tsaye ba a ba shi ruwa ba?"

"Ba za su sha ba, Goggo. Da nasu suke yawo a gora."

"Su sha ko kada su sha, ni dai na bayar."

Ya leƙa randarta, ya ga ƙasanta a bushe. Ya ce a ransa in an buɗe famfo ita zai fara cika wa.

Sha ɗaya saura kaɗan motoci huɗu suka hauro, ta 'yan sanda a gaba. Oga Alexander ya riga ya kafa rumfa da kujerun roba, ya kuma kunna wani janareto kusa da tanki, wanda ba a haɗa shi da komai ba, ƙara kawai yake yi. Turawa uku suka fito. Babbarsu mace ce doguwa mai furfura, da littafi a hannu, Esther ta ce sunanta Madam Felicitas. Ba ta zauna ba tukuna, sai da ta zagaya tankin, ta karanta allon, ta taɓa bututun.

Uzairu ya dubi agogon hannun Dalyop. Ya juya ya yi wa mata alama da kai.

A daidai lokacin ne mai unguwa Malam Badruddeen ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce a buɗe taro da addu'a. Liman ya ɗaga hannu. Salma, wadda ke gaban layi, ta riga ta ɗora hannu a kan famfo, sai ta janye shi ta ja mayafinta ta rufe kai. Duk matan suka ajiye bokitai. Wa zai tara ruwa ana addu'a?

Uzairu ma ya ɗaga hannu, amma idonsa na kan agogo. Liman ya roƙa wa unguwa, ya roƙa wa jiha, ya roƙa wa baƙi sauka lafiya da komawa lafiya. Aka shafa. Salma ta sake miƙa hannu, sai ga fasto ya miƙe. Tun bayan rikicin addinin nan na 2001 ba a taro a unguwar a yi addu'a ɗaya a bar ɗaya, kuma wanda ya motsa lokacin ta ɗayan, to ya ja magana da za a yi wata ana yi. Matan Musulmi suka tsaya cik yadda matan Kirista suka tsaya musu ɗazu. Fasto bai ga dalilin da zai sa tasa ta gaza ta liman tsawo ba.

Minti tara suka tafi.

Sai mai unguwa ya fara gaisuwa. Ya tambayi baƙi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, Esther tana juyawa da Turanci, tana juyo da amsa. Babba yana magana, mata suna tsaye a layi, shiru, kowace da bokitinta a gaba. Ɗaya daga cikin Turawan ya ɗauki hotonsu, yana gyaɗa kai.

"Ku buɗe," in ji Uzairu a hankali. "Salma, buɗe mana!"

"Haba Uzairu, Baba na magana."

Da mai unguwa ya zauna, saura minti biyar. Oga Alexander da kansa ya taka ya murɗe famfo huɗun, yana murmushi. Ruwa ya zubo da ƙarfi, fari tas. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ba wanda ya sa ta, kuma ba ƙarya take yi ba, wata goma sha huɗu tana jiran wannan ƙarar. Mata suka rufar wa famfon, ana dariya ana turereniya.

Goggo Binta ta ba da wurinta a layi, ta tara kwanonta kawai, ta kai wa Madam Felicitas da hannu biyu, ta ɗan rusuna. Baturiyar ta karɓa, ta kai bakinta ta ɗan taɓa. Aka ɗauki hoto. Sannan ta tambaya ta bakin Esther ko ruwan yana da kyau.

"Mai kyau ne," in ji Goggo. "Ɗana Uzairu ne ya kawo shi. Ga shi can."

Madam Felicitas ta juyo ta dube shi. Ɗan sandan da ke bayanta ya riga ya buɗe ƙofar mota. Uzairu ya ji ƙafafunsa sun kai shi gabanta. Ya cire hula, ya ce sannu da zuwa, don bai san yadda ake fara magana da baƙo ba tare da wannan ba. Sannan ya faɗa.

"Babu ruwa a ƙasan nan. Dutse ne. Wannan da kike gani ni na zuba shi da safe, da jarka. Ki tsaya minti goma ki gani."

Esther ta juya maganar. Daga yadda fuskar Baturiyar ta canja, Uzairu ya gane ba ta rage komai ba. Madam Felicitas ta buɗe littafinta, ta dubi Oga Alexander.

Oga Alexander ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya yi magana da Turanci, ya nuna kurar Uzairu da ke jingine a bango da jarkokinta. Sannan ya maimaita da Hausa don kowa ya ji.

"Na ce mata ta tambaye ka mene ne sana'arka. Ruwa kake sayarwa, ko ba haka ba? Famfo ya zo, kasuwa ya mutu. Ni ma in ni ne, haka zan faɗa. Abeg, ku yi masa haƙuri."

Baturiyar ta tambaya, Esther ta juya: da gaske ruwa yake sayarwa?

"Da gaske ne," in ji Uzairu.

Baturiyar ta dubi mai unguwa. Malam Badruddeen ya dubi liman, ya dubi 'yan sanda, ya dubi baƙin da ya gama yi wa maraba yanzun nan. Ya ce, "Yaro ne. Maganar gida ce, za mu zauna a kanta." Uzairu ya waiga neman Dalyop. Dalyop ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa, takalmin da ba shi da igiya.

A bayansu ruwa yana zuba, bokitai suna cika. Madam Felicitas ta tsaya tana kallon famfon kamar tana so ta jira. Abokin tafiyarta ya nuna mata agogo. Ta rubuta layi ɗaya gajere, ta rufe littafin, ta mayar wa Goggo kwanonta. Da Esther za ta shiga mota, Uzairu ya tambaye ta da ido. Ta girgiza kai kaɗan, ta ja ƙofa.

Motocin sun kai kwanar masallaci ke nan famfo na farko ya yi tari. Na biyu ya bi shi. Kafin a naɗe rumfa duka huɗun sun yi shiru. Lissafin Uzairu bai kuskure ba ko da minti ɗaya.

Oga Alexander ya kashe janareto, ya zo ya tsaya kusa da shi. Ba ya dariya yanzu.

"Talatin ka zuba, ko? Kada in sake ganin kuranka a rijiyana."

Matan da ba su samu ba suka kwashe bokitansu. Wata ta ce da an zuba sittin ɗin da kowa ya samu, ta faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Bayan la'asar hadarin ya watse, kamar yadda aka sani. Uzairu yana zaune a ƙofar ɗakin Goggo, kurarsa a waje babu ko jarka ɗaya mai ruwa. Goggo tana tsintar shinkafa, ba ta dube shi ba.

"A gaban baƙi, Uzairu. Ni na koya maka haka?"

"Goggo, lambunki fa."

"Na san lambuna. Na fi ka saninsa." Ta jefar da wata 'yar tsakuwa. "Yanzu ba za su dawo da injin ba ke nan?"

"Ba za su dawo ba."

Ta ci gaba da tsinta. Shinkafar tana jiran ruwan wanki, randa kuma tana yadda ya gan ta da safe.

Aka yi sallama a zaure, can ƙasa ƙasa. Dalyop ne, da jarka a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Bai dubi Uzairu ba, Uzairu ma bai dube shi ba. Ya wuce kai tsaye wurin randar, ya ɗaga faifan da ke kanta, ya juye ruwan a hankali don kada ya tayar da laka. Da ya gama ya girgiza jarkar, ya tsaya kamar mai jiran wata magana.

"Mayar da faifan," in ji Goggo. "Ƙuda."

Ya mayar, ya ɗauki jarkarsa, ya fita.