Maganin da Bai Bar Karaye Ba

Kowace safiya a tsaye suke taro, a gaban allo. Dokar Sadiƙa ce: ba a zama, don kada magana ta yi tsawo. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. An raba allon gida uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Kowane aiki da ɗan katinsa. Mako bibbiyu suke yanka aikin, suna kiran kowane yanki zango, kuma duk katin da ya isa gidan ƙarshe, Kabir ya kunna shi ga jama'a.

Layin waya suke ginawa. Idan maciji ya sari mutum a ƙauyukan Karaye da Rogo, danginsa su kira, na'ura ta gaya musu asibiti mafi kusa da ke da maganin dafi a firiji. Kaka ta yi, ana cire gyaɗa, lokacin kububuwa ke nan.

Su huɗu ne a wani ɗaki a Karaye. Sadiƙa ke kula da tsarin. Kabir ke rubuta manhaja. Malam Mijinyawa, tsohon ma'aikacin lafiya, shi ke riƙe da maganin da makullin firiji, shi kuma ke cewa wane aiki ne gaba. Lukumanu ke yawo a babur tsakanin asibitoci. Shi ne kuma mijin Na'ima, 'yar Malam Mijinyawa.

Shi ya sa bai taɓa tsayawa ba. Yakan cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna, ya kafa ido a siminti.

"Angon Na'ima," in ji Kabir a safiyar ranar ƙarshen zango, "taron tsayuwa ne fa, ba gaisuwar surukai ba. Ko ka zo da goro?"

Lukumanu ya yi murmushi bai ɗago ba.

"Me ya tare maka hanya?" Sadiƙa ta tambaye shi.

"Babu komai, Anti. Alhamdu lillahi."

Haka ya ce jiya, haka ya ce shekaranjiya. Katinsa na wannan zangon shi ne kai magani ƙaramin asibitin da ke kan hanyar Rogo. Katin yana gidan An gama. Malam Mijinyawa ne ya mayar da shi can da hannunsa, Kabir kuma ya kunna asibitin a layi.

Ba su kai ga watsewa ba kwamfutar Kabir ta yi ƙara. Ya duba, ya buga tebur.

"Kira na gaske! Daga wajen Kwanyawa. Na'urar ta tura su sabon asibitinmu. Anti Zango, yau sai kin sayi tsire."

Sadiƙa ta kira lambar, ta buɗe murya kowa ya ji. Namiji ne ya ɗauka, numfashinsa sama-sama. Ya ce sunansa Muntaka.

"Ƙanwata ce, Sauda. Igiyar ƙasa ta taɓa ta shekaranjiya a gonar gyaɗa. Mun yi na gida, bai yi ba. Yanzu jini ne a bakinta. Har tsohon tabon da ke hannunta ya buɗe."

"Tana magana?" Malam Mijinyawa ya matso.

"Kaɗan-kaɗan. Ga shi muna hawa babur. An ce akwai magani a can, ko?"

"Akwai," in ji Malam Mijinyawa. "Ku yi sauri. Kada a ɗaure ƙafar."

Wayar ta katse. Sadiƙa ta juya, idonta ya faɗa kan Lukumanu. Yana nan a tsugune, amma hannu biyu ya dafa ƙasa kamar wanda zai yi amai. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Lukumanu?"

Ya dubi ƙafafun surukinsa.

"Zo ka taya ni ɗauko abu a waje."

Ta ja shi bayan ɗakin, inda janareto yake. Sai a nan ya miƙe tsaye.

"Anti, babu magani a can."

Ta matso kusa da shi.

"Sake faɗa."

"Firijin can babu komai. Maganin yana nan, a firijin Baba. Ya ce zai ba ni makulli, bai ba ni ba. Ya manta, ina jin."

"Ka tambaye shi?"

"Ni? In ce masa ya manta?" Ya goge fuska da hannun riga. "Na gaya wa Na'ima ta gaya wa Goggo, matar Baba, ita kuma ta tuna masa. Ban san inda maganar ta tsaya ba. Da na ga ya ɗaga katin, na ce to yau zai ba ni, in kai kafin wani ya kira."

"Kowace safiya ina tambayarka abin da ya tare ka."

"A gabansa kike tambaya."

Ta koma ciki da sauri har ta yi tuntuɓe da takalman da ke bakin ƙofa.

"Malam, maganin yana firijinka. Ba a kai ba."

Malam Mijinyawa ya dube ta, ya dubi allon, ya laluba aljihun rigarsa. Makullin ya fito a hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Inna lillahi. Da ya ce babu matsala, na ɗauka ya karɓa ranar da na yi tafiya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ce musu akwai."

"Kabir, kashe asibitin nan a layi yanzu. Ka yi ta kiran Muntaka. In ya ɗauka, ka ce su tsaya a asibitin, kada su motsa."

Kabir ya daina dariya tuni. Ya kira. Tana shiga, ba a ɗauka. Mutum a kan babur, da mara lafiya a tsakiya, ba ya jin waya. Ya kira nas ɗin asibitin, aka ce ba a samun ta.

Motar Malam Mijinyawa tana wajen makanike. Ya zuba kwalaben maganin da ƙanƙara a cikin kula, ya fito ya tsaya a gaban babur ɗin Lukumanu. Lukumanu ya ja baya, yana miƙa masa makullin babur da hannu biyu.

"Ni na iya tuƙa wannan abin? Hau ka ja, kai!"

Lukumanu ya hau. Ya matsa gaba har kan tanki don kada bayansa ya taɓa surukinsa. Sadiƙa ta tare ɗan acaɓa ta bi su.

Ruwan bana ya cinye hanyar. Wurin da kwalta ta ƙare, ramuka ne da yashi. Tana hango kular tana tsalle a cinyar tsohon, duk tsalle ɗaya sai ta ji kamar kwalba ta fashe. A gonaki mata suna sunkuye suna tsinkar gyaɗa, hannuwansu cikin tarin harawa, ƙafafunsu babu takalmi. Ta kawar da kai. Wayarta tana hannunta, babu sabis. Ta yi ta tunanin muryar na'urar, muryar da ita da kanta ta zaɓa saboda taushinta, tana gaya wa mutane su je inda babu komai.

"Hajiya, sassauta riƙon," in ji ɗan acaɓan. "Za ki yaga min riga."

"Ƙara wuta."

"In na ƙara, mu biyu za a kai asibitin."

Ƙaramin asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Babu babur a gabansa. Nas ɗin ta fito tana share hannu.

"Sun zo. Na buɗe musu firiji suka gani da idonsu. Yayan ya kusa marina. Na ce su jira in nemi Malam, ya ce an yi musu ƙarya sau ɗaya, ya isa. Sun nufi Rogo."

"Akwai a Rogo?" Sadiƙa ta tambayi Malam Mijinyawa.

"Nasu ya ƙare. Yana cikin zango mai zuwa."

Suka sake hawa.

Ba su yi nisa sosai ba suka hango babur a jingine a gindin wata ɗorawa. Mutum biyu a tsaye, ɗaya a kwance a kan mayafi. Sadiƙa ta sauka tun acaɓan bai gama tsayawa ba. Abin da take kallo kawai shi ne ko an rufe fuskar.

Ba a rufe ba. Yarinya ce da ba ta fi shekara ashirin ba. Ƙafarta ta dama ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi tana sheƙi. Jini ya bushe a gefen bakinta, sabo yana bin bayansa. Idonta a buɗe, ba ta kallon kowa.

"Ta kasa zama a babur," in ji wani dogo mai jan ido. "Zamewa take yi. Ku su wa ne?"

"Mu ne masu layin," in ji Sadiƙa.

Dogon, wanda shi ne Muntaka, ya taho kanta. Abokin tafiyarsa ya riƙe shi.

"Ku ne? Allah ya isa! Da kun ce babu, da tun safe mun kama hanyar Kano."

"Ga maganin nan," in ji Malam Mijinyawa. Ya riga ya durƙusa, yana taɓa wuyan hannunta. "Ka zage ni anjima. Yanzu ɗauke ta. Ba zan sa mata a bakin hanya ba, in jikinta ya ƙi shi babu abin da zan tare da shi a nan."

Suka sa ta a tsakiya, Muntaka a baya ya rungume ta, Lukumanu ya ja. A hankali suka koma, kanta yana lilo a kafaɗar Lukumanu. Jinin bakinta ya ɓata masa riga har ƙugu.

A asibiti Malam Mijinyawa ya nemi jijiya. Ya soka ya rasa, wurin ya yi ta zubar da jini ba ya tsayawa. Nas ta karɓi allurar ta samu a ɗaya hannun. Ta ɗebi jini kaɗan a wata 'yar kwalbar gilashi ta ajiye a taga. Bayan ɗan lokaci ta karkata ta. Jinin ya gangara kamar ruwan zoɓo.

"In maganin ya kama, zai daskare," ta gaya wa Muntaka. "Sai zuwa la'asar za mu sake gwadawa."

Maganin ya fara shiga ta ledar ruwa. Can sai Sauda ta soma karkarwa, jikinta ya feso da ƙuraje, numfashinta ya koma shaƙa. Sadiƙa ta manne da bango. Malam Mijinyawa ya tsayar da ruwan, ya yi mata wata allura a cinya, ya tsaya a kanta yana motsa leɓe. Numfashin ya dawo da kaɗan-kaɗan. Ya sake buɗe ruwan, ɗigo-ɗigo.

Sai jira. Sabis ya dawo a wayar Sadiƙa, sai ga kiran Kabir.

"Anti, tana da rai?"

"Yanzu dai."

"Na duba sauran katunan da ke An gama. In kira asibitocin ɗaya-ɗaya su buɗe firiji su gaya min?"

"Kira. Wanda bai ɗauka ba, kashe shi a layi."

Aka yi azahar a baranda. Muntaka ya ƙi bin sahu, ya yi tasa shi kaɗai a gindin bishiya. Lukumanu ya wanke rigarsa a bakin rijiya, jinin bai fita ba. Sadiƙa ba ta iya cin ƙosan da nas ta miƙo mata ba. Duk sanda aka yi tari a ɗakin sai ta miƙe.

Da inuwa ta karkata, nas ta sake ɗibar jini ta ajiye a taga. Duk suka taru a ƙofa. Babu mai kallon agogo, kwalbar suke kallo. Kuda ya sauka a bakinta, Muntaka ya kore shi.

Malam Mijinyawa ya miƙa hannu zai ɗauka, ya fasa.

"Ke duba," ya ce wa nas.

Ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Ta karkata ta a hankali, har ta kifa ta gaba ɗaya. Jinin ya tsaya a gindi, guda ɗaya, bai motsa ba.

Muntaka ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula.

"Ƙafar fa?" in ji Sadiƙa.

"Ƙafar sai Kano," in ji Malam Mijinyawa. "Ban yi miki alkawarin yatsun ba."

Daga kan gado Sauda ta motsa leɓe. Nas ta sunkuya ta saurara, ta ɗago.

"Ruwa take so."